Zanen tsirrai: mu nemi baje kolin waje ko mu fara da kukar ƙofar gida?

Rabi, Cape Town: Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka buɗe zauren nan zanen fuskoki da na gine-gine ake ta turowa, ban ga wanda ya taɓo zanen tsirrai ba, shi ya sa na ce bari in kawo muku abin da nake gani a nan Afirka ta Kudu. Suna da ƙungiya ta masu zanen tsirrai zalla, BAASA, ta haura shekara ashirin, da rassa a Gauteng da KwaZulu-Natal da nan yankin Cape. Ba furen ado ba ne irin na jikin labule. Tsiro guda za a ɗauka a zana shi da awonsa, ganye ciki da baya, fure a rufe da a buɗe, 'ya'ya, iri, wani lokaci har saiwa, ta yadda masanin tsirrai zai duba ya faɗi sunansa ba tare da an gaya masa ba. Babban amfanin ƙungiyar shi ne labari. Ita ke sanar da 'ya'yanta inda za a yi baje koli, ranar da za a rufe karɓar aiki, da inda ake bita. A 2000 aka fara wani babban baje koli a lambun Kirstenbosch da ke gindin dutsen Table, ana ba da lambar zinare da azurfa da tagulla, kuma tsirran yankinsu aka sa a gaba. To mu fa? Akwai mai sha'awar neman shiga irin waɗannan wurare a cikinmu?

Nura, Kano: Wa alaikumus salam Anti Rabi. Ni tambaya ɗaya gare ni, wa zai saya? Idan na zana Alhaji da babbar riga, kafin fenti ya bushe an turo kuɗi. Idan na shafe wata ina zana ganyen sabara, wa zan kai wa?

Malam Ɗanjuma, Zariya: Nura, kai kullum aljihu ne a gaba. Bar yarinya ta gama magana.

Nura, Kano: Allah ya huci zuciyarka Baba Malam. Takardar fentin ruwa mai kauri daga waje ake kawo ta, da dala ake lissafinta. Ba raini ba ne, lissafi ne.

Rabi, Cape Town: Tambayarka a kan hanya take, Nura. A nan ma ba kowa ke ci da shi ba, da yawa suna da wani aikin. Amma akwai inda kuɗin ke fitowa. Hukumar SANBI, mai kula da lambunan tsirrai na ƙasa, tana buga mujallar Flowering Plants of Africa, wadda aka fara tun 1921, kuma kowane tsiro a cikinta da zanensa mai launi. Akwai masu zanen da aikinsu ke nan na albashi a ma'ajiyar busassun tsirrai ta Pretoria. Cythna Letty, wadda ta rasu a 1985, zanenta na furanni ya hau kan tsabar kuɗin ƙasar. Sai littattafai, kan sarki, kalanda, da masu sayen zane su rataya. Kuma kada ka manta yankin Cape kaɗai yana da tsirrai kusan iri 9,000, wajen kashi 70 cikin ɗari babu su a ko'ina a duniya sai nan. Mutanen suna alfahari da abin, shi ya sa kasuwar ta samu.

Malam Ɗanjuma, Zariya: Maganar tsabar kuɗi ta tuna mini. Ku yaran yanzu ba ku riski kwabban 1973 ba. Gyaɗa ce a jikin kwabo 25, kwakwar manja a kwabo 10, koko a kwabo 5, auduga a rabin kwabo. Wani ne ya zauna ya zana su. Ashe mu ma mun taɓa sa tsiro a aljihu.

Kabiru: Ku ba ni dama in sa baki ta wani ɓangare. Da yawa cikin ɗalibai mata da maza suna da hannu, amma iyaye na hana su zane saboda maganar surar abu mai rai. To a nan ƙofa a buɗe take. A cikin Bukhari da Muslim, wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya gargaɗe shi a kan surar mai rai, sannan ya ce masa in ba makawa sai ya yi, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Duk uban da ya ce 'yarsa ba za ta zana fuska ba, ba shi da abin cewa a kan furen yakuwa. Ina ganin wannan kaɗai ya isa ya sa mu ɗauki maganar Malama Rabi da muhimmanci.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Ustaz. Ni mai lalle ce, fure nake zanawa dare da rana a hannun amare, amma wallahi ko ɗaya ban san a wace bishiya yake ba. Daga kaina nake fito da su. 😄

Nura, Kano: To ni har yanzu ban gamsu ba. Kowa na da waya mai kyamara. Me zai sa in ɓata sati a kan abin da zan ɗauka cikin daƙiƙa?

Dakta Hadiza: Nura, bari in amsa maka wannan, don aikina ne. Ina koyar da ilimin tsirrai, kuma duk shekara ɗalibai na kawo mini hotunan waya su ce in faɗi sunan tsiro. Rabin hotunan ba sa amfanuwa. Hoto yana ɗaukar reshe guda a rana guda, da inuwarsa, da cin ƙwaronsa, da ciyawar da ke bayansa. Abin da ke raba wannan tsiro da ɗan uwansa sau da yawa ƙaramin abu ne, gashin da ke bayan ganye, ko yawan zaruruwan da ke cikin fure, ko yadda ƙaya ta fito, biyu-biyu ko ɗaya-ɗaya, miƙaƙƙiya ko mai lanƙwasa. Mai zane zai tsaga furen, ya sa gilashin ƙara girma, ya fito da wannan abin fili, ya ja layin awo a gefe.

Ɗauki gawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi shar, shi a tuɓe yake. Sai ruwa ya ɗauke ya fitar da ganye, ya yi fure fari-fari mai ɗan rawaya, daga baya 'ya'yan nan masu murɗewa da awaki ke rububi su zo. Wane hoto ne zai haɗa maka waɗannan a shafi ɗaya? Ko kuka. Ƙaramar kuka ganyenta guda ne falle ɗaya, babba kuwa ya rabu kamar yatsu, biyar zuwa bakwai. Wanda bai sani ba zai rantse bishiya biyu ce daban. Zane ne ke ajiye su gefe da gefe.

Isuhu, Maraɗi: Dakta ta faɗi gaskiya. Ni ma'aikacin gandun daji ne. A nan manoma sun daɗe suna barin tohon itace a gona suna yi mashi sassabe maimakon su tumɓuke, abin ya mamaye jihohin Maraɗi da Damagaram. Matsalar da muke samu wurin horo ita ce gane ƙaramin toho tun bai yi girma ba. Tsoho ya sani, jikansa da ya tashi a lakwal bai sani ba. Da akwai takarda mai zanen tohon gawo da kalgo da aduwa da magarya, da sunansu da Hausa, da mun raba a kowane gari.

Nura, Kano: Yauwa, yanzu na ji inda mai saye yake. 😄

Rabi, Cape Town: Tun da an zo wurin, bari in zayyano ƙofofin da ke buɗe ga kowa a duniya, ba sai ɗan wata ƙasa ba. A Landan akwai baje kolin RHS, ƙungiyar masu lambu ta Ingila. Sai kwamitinsu ya fara duba aikinka ya amince, sannan ka kawo zane aƙalla shida a kan jigo ɗaya, kuma a dunƙule ake yi musu hukunci, wanda ya fi rauni a ciki shi zai ja sauran ƙasa. A lambun tsirrai na Kew, a Landan ɗin dai, akwai zauren Shirley Sherwood da aka buɗe a 2008 don wannan fanni kawai. A Amurka akwai ƙungiyar masu zanen tsirrai ta ASBA tun 1994, tana baje koli duk shekara, sai cibiyar Hunt a Pittsburgh da ke yin nata na duniya tun 1964, inda sau ɗaya tak ake saka mutum a rayuwarsa. Amma wanda nake ganin ya fi dacewa da mu shi ne kyautar Margaret Flockton ta lambun Sidni a Ostareliya, wadda aka fara a 2004. Baƙi da fari ne kawai, tawada ko fensir, kuma ta intanet ake turawa. Babu firam, babu kuɗin jirgi, babu biza.

Malam Ɗanjuma, Zariya: Rabi 'yata, na karanta duka, kuma na gode. Amma ni ban yarda mu fara da Landan ba. Shekaru na yi ina koyar da zane, na san yadda abin ke tafiya. Yaro zai ji an ce lambar zinare, sai ya shiga intanet ya kwafo furen Turawa, wanda ko a mafarki bai taɓa shinshinawa ba, ya tura, a watsar. Alƙalan can sun ga wardi dubu. Abin da ba su gani ba shi ne furen ɗorawa, jajayen tuntayen nan da ke reto a dogon sili da rani. Ba su ga kaucin da ke kan kaɗanya ba. A 1958 wasu ɗalibai a nan Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin da ta zama ABU a 1962. Ba don baje kolin waje suka kafa ta ba, sun ce a koyi dabarar Bature a zana abin gida. Duniya daga baya ta biyo su. Ƙungiyar nan ta Afirka ta Kudu da kike magana, ai da furen bayan gidansu suka fara.

Rabi, Cape Town: Baba, ba mu saɓa ba sosai. Ni dai tsorona, in ba a sa wa mutum ranar rufe karɓa ba, ba ya gama aiki. Kuma alƙali na waje ba ya jin kunyarka. A gida kowa "Masha Allah" zai ce maka ko da ka zana ganyen kanya a jikin ɗinya.

Dakta Hadiza: Wannan "Masha Allah" ɗin ita ta kai mu inda muke. Ku duba tambarin Najeriya, ƙasan dawakan nan akwai furanni a cikin ciyawa. Furen ƙasa ke nan, Costus spectabilis, ganyensa huɗu ne kewayayyu a shimfiɗe a ƙasa, fure a tsakiya. A daji rawaya ne, ruwan ɗorawa. A tambari kuwa ja ake shafa masa. Yana jikin fasfo, yana kan takardun gwamnati, kuma mutane ƙalilan ne suka taɓa tsayawa suka tambaya.

Maman Ilham: Ikon Allah! Yanzu na ɗauko fasfo ina dubawa.

Nura, Kano: To in na shiga, ni da dogonyaro da zogale zan fara, suna tsakar gidanmu. Sai mangwaro.

Dakta Hadiza: Don koyon hannu, bismillah. Amma in baje kolin na tsirran asali ne, ka faɗi tun a ƙofa. Dogonyaro da zogale da mangwaro duka daga yankin Indiya suka zo. Gwanda da rogo da masara da gyaɗa da barkono kuma daga nahiyar Amurka.

Nura, Kano: Haba Dakta! Gyaɗar ma? Dalar gyaɗar Kano fa? Me ya rage mana ke nan?

Dakta Hadiza: Gyaɗa ta Kudancin Amurka ce, sai haƙuri. Amma abin da ya rage ya fi ƙarfin fensirinka. Gero, dawa, wake, gujiya, acca, iburu, rizga, tumuku, da shinkafar Afirka wadda aka fara nomawa a kogin Neja. Sai itatuwa, kuka, gawo, kaɗanya, ɗorawa, kanya, ɗinya, aduwa, goriba, giginya, maɗaci. Akwai madobiya, da aka yi ta sarewa ana fitarwa waje har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido tun 2017. In ana maganar abin da ya kamata a zana da gaggawa, ita ce a gaba, da furenta rawaya da ke fitowa lokacin da ba ganye a jikinta. Har ƙudujin da ke kashe mana dawa, ku je ku kalli furensa da kyau, shunayya ne mai ɗaukar ido. Manomi dai ba zai rataya shi a ɗaki ba.

Isuhu, Maraɗi: Ƙuduji kam ko kyauta ba ni so, Dakta.

Rabi, Cape Town: Jerin nan na Dakta ya kai ni ga abin da na ɓoye sai ƙarshe. Akwai wani shiri da ake kira Botanical Art Worldwide. An fara a 2018 da ƙasashe 25, Afirka ta Kudu na ciki, jigon shi ne tsirran asali na kowace ƙasa. An sake yi a 2025, jigon kuma amfanin gona na gado da danginsu na daji. Ranar 18 ga Mayu ce ranar bikin. Yadda tsarin yake, kowace ƙasa a gidanta take baje kolinta, da masu zanenta, da tsirranta, sannan a riƙa haska hotunan ayyukan sauran ƙasashe a allo. Ba wanda ke ɗaukar zane ya hau jirgi. Abin da ake buƙata shi ne mutane a ƙasa da za su tsara, da zaure, da alƙalai. Wato Baba Malam ya samu nasa, a gida za a yi da abin gida, ni ma na samu nawa, akwai wa'adi kuma duniya na kallo. Amma mutum ɗaya ba ya shiga. Sai da ƙungiya.

Malam Ɗanjuma, Zariya: To yanzu kika yi magana. Wannan na yarda da shi.

Kabiru: Sai dai a yi hattara. Mu da an ce ƙungiya, sai a fara da shugaba da ma'aji da hular taro, zane ko ɗaya babu.

Malam Ɗanjuma, Zariya: Ba shugaba sai an tara zane. Kuma ba daga sifiri za mu fara ba. Wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa tun 1916. Shi ne kuma ya haɗu da John Hutchinson na Kew suka fara fitar da babban kundin tsirran Afirka ta Yamma a 1927. Sunayen suna nan a rubuce fiye da shekara ɗari. Abin da ya rage shi ne hannun ɗan gida ya sa musu kamanni. Kuma a ABU da ke Samaru sashen zane da sashen tsirrai tafiyar ƙafa ce tsakaninsu.

Isuhu, Maraɗi: Ina da ƙorafi tun kafin a yi nisa. Na ga ana ta Zariya da Kano da tambarin Najeriya. Gawon Maraɗi da na Katsina iri ɗaya ne, bai san iyaka ba. In za a yi, a yi ta ƙasar Hausa da Sahel duka. A Sadore kusa da Yamai cibiyar binciken noma ta ICRISAT tana ajiye irin hatsi kala-kala, wanda ke son zana zangarniya iri-iri ga wuri nan. Kuma sunaye sun bambanta, abin da kuke ce ma dogonyaro ko darbejiya wasu bedi suke cewa. A riƙa rubuta sunan kowane yanki a ƙasan zane.

Rabi, Cape Town: Malam Isuhu, ƙungiya ta yanki ba matsala, BAASA ma sunanta na kudancin Afirka ne, ba na ƙasa guda ba. Sai dai shi wancan shiri na duniya ƙasa-ƙasa ake shigarsa, don haka in lokaci ya yi zaure biyu za a nema, ɗaya a Najeriya ɗaya a Nijar.

Dakta Hadiza: Ni sharaɗina ɗaya. Kowane zane ya zo da inda aka samo tsiron, da wata, da awo, kuma a danne reshe guda a cikin jarida a busar, don in an yi gardama a koma kansa. Ni zan duba ɓangaren kimiyya, Baba Malam ya duba hannu. Wanda ya kwafo daga hoton wani, a ajiye masa abinsa.

Nura, Kano: Wannan ai jarrabawa ce, ba baje koli ba. Mai zane fa ba magatakarda ba ne, Dakta. In aka ce kowace jijiyar ganye sai na ƙirga, ina daɗin aikin? Ina ni a ciki?

Malam Ɗanjuma, Zariya: Kana cikin inda ka ajiye reshen a takarda, da inda ka bar fari, da inda haske ya faɗo. Ba wa mutum biyu reshen tsamiya guda, ba za su fito da abu ɗaya ba, kuma duka biyun na iya zama daidai. Amma in ka ƙara wa fure ganye don ya fi kyau, ka tashi daga wannan fanni ka koma na Maman Ilham.

Maman Ilham: Baba a bar ni da sana'ata! 😄 Amma da gaske ina so in gwada. Hannuna ya saba da siririn layi. Da lallen kansa zan fara, akwai shi a bayan gidanmu, yana da ƙananan fararen furanni masu ƙamshi, ban taɓa zama na kalle su da kyau ba. Fentin ruwa ne ban iya ba.

Rabi, Cape Town: Ba sai da fenti ba, Maman Ilham. Fensir mai tauri da mai laushi, da abin gogewa, da rula, da ɗan gilashin ƙara girma sun isa. Ga mai son fentin ruwa kuma, ya guji tsakar rana da hunturu, iska na busar da shi kafin ka ja burushi, ya bar maka tabo. Da asuba ya fi. Reshen kuma a sa shi a ruwa, a fara zana fure don shi ke fara yaushi, ganye ya jira.

Nura, Kano: Shi ke nan, na ɗauki kuka. Tun da an ce alƙalai na son abin da ba su saba gani ba. Akwai wata babba a hanyar ƙauyenmu.

Dakta Hadiza: Ka ɗauko babba. Furen kuka da farkon damina yake fitowa, fari ne babba, yana rataye kai ƙasa a dogon sili. Da magariba yake buɗewa, jemagu ke zuwa masa cikin dare, washegari ya fara yaushi ya koma ruwan ƙasa. In kana son shi a buɗe, fitila za ka riƙe ka tsaya a gindinta bayan isha'i.

Nura, Kano: Gindin kuka? Da dare? Dakta kin san abin da ake cewa yana zama a can kuwa?

Isuhu, Maraɗi: Ka tafi da Ustaz Kabiru ya riƙe maka fitila.

Kabiru: Ni na ba da fatawar zane, ban ba da ta rakiya ba.

Nura, Kano: Baba Malam, gawon nan wani ya ɗauka ne? In babu, a rubuta mini shi. Kukar a ba Malam Isuhu, shi ya saba da daji.